Hannun Ɗan Fari, Daga Lugbe Zuwa Garwa

Tun da muka dawo daga Kamaru ban sha shayi cikin natsuwa ba. Da na zauna a bencin mai shayi sai wani ya matso: Heluma, yaya ƙasar take, me suke ci, da gaske mace ce ta yi aikin, da gaske da hannu kawai. Na ba da labarin a guntu-guntu har na gaji, kuma na lura kowa yana ɗaukar guntun da ya yi masa daɗi ya ƙara masa gishiri. Saboda haka na zauna na rubuta shi sau ɗaya, daga farko zuwa ƙarshe, kowane abu a wurinsa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Kafin tafiya akwai dalilin tafiya. Sunana Garba, mutumin ƙasar Zazzau, heluman leburori a kamfanin da ke shimfiɗa kwalta a hanyar filin jirgi. Cikin leburorin akwai ɗan farina. Wannan kalmar ma da ƙyar na rubuta ta, sunansa kuwa ba zan rubuta ba. A wajenmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya hira da shi, ba ya taɓa jikinsa. Mahaifiyata ce ta yaye shi ta riƙe shi har ya girma. Da ya zo Abuja neman aiki na sa shi cikin mutanena, ina ce masa "kai", yana ce mini "Heluma" kamar kowa. Ba ƙiyayya ba ce. Haka ubana ya yi da yayana, suka rabu lafiya.

Lokacin ne ake kwaso gwamnati daga Legas. Kullum manyan motoci na shigowa da kujeru da kabad ɗin ƙarfe, ma'aikata na neman ɗaki a Nyanya da Karu, ogogi kuma suna kanmu a gama hanya kafin manya su sauka. Cikin wannan gaggawa tukunyar kwalta ta tuntsure, yaron ya kai hannun dama ya tare. Abokan aikinsa suka ɗauke shi zuwa mota. A asibiti aka yanko fata daga cinyarsa aka liƙa a tafin hannun. Ciwo ya warke, muka yi hamdala.

Ashe da sauran aiki. Tabon ya yi kauri, ya riƙa janye yatsun zuwa cikin tafi kaɗan-kaɗan, kamar ana zuge bakin jaka. Mu a ganinmu wurin da ya sha wuta hutu yake so, sai muka naɗe hannun da ƙyalle mai laushi, ya rataye shi a ƙirji, ba mai taɓawa. Da muka koma, likita ya juya hannun ya duba shi sosai. Daga baya ya ce abin da ake bukata mai gashin ƙashi ne, wanda zai riƙa murza tabon yana miƙar da yatsun, amma nasu yana cikin waɗanda ba su iso daga Legas ba. Ɗakinsa na nan, an ma rubuta aikinsa a ƙofa, mutumin ne babu. Ya ce mu dawo bayan damina. In hannun bai buɗe ba sai an sake yanka, kuma ba zai yi mana alkawarin ƙananan yatsu biyun za su tsira ba.

Daga ranar tsoro ya shige ni, bai fita ba har muka je muka dawo. Lebura da hannunsa yake ci, kuma wannan na dama ne. Yaron ya daina cin abinci a gaban mutane. Sai ya ɗauki kwanonsa ya fuskanci bango, yana kai loma da hagu.

Mama Ladi ce ta kawo maganar Kamaru. Ita ce mai gidan da muke haya a Lugbe, 'yar asalin wurin tun ba a yi mafarkin Abuja ba. Ta tare ni a bakin rijiya ta ce, "Heluma, wannan hannu yana rufewa kamar ƙofa, kai kana kallo. Akwai asibitin mishan bayan Garwa. Yarinyan ƙanena ya faɗa wuta, wuya ya manne da kafaɗa. Wani mata a can ya buɗe shi da hannu. Yanzu itace take ɗauka a kafaɗan."

Na ce, "Da hannu kawai, Mama?"

Ta ce, "To da ƙafa?"

Na nemi hutu aka ba ni. Ranar tafiya ta naɗe masa hannun ta ƙulle tamau, ta miƙo mini gwangwanin man kaɗe. Na ce me zan yi da shi. Ta ce in riƙe dai, ba zai ci mini tuwo a hanya ba.

Zango na farko daga Nyanya ne zuwa Jos, a fijo. Na zauna gaba kusa da direba, na bar yaron a baya, don ba a zama kafaɗa da kafaɗa da ɗan fari. Ya faɗa ta tagar hagu, hannun mai ciwo ya koma ciki, gefen wani ƙaton ɗan kasuwar albasa mai yawan magana. Ba mu kai Keffi ba mutumin ya leƙo ya ce, "Malam, wannan naka ne?"

Na ce, "Tare muke."

Ya ce, "Ai na gani. Hancin nan guda ɗaya aka saya aka raba muku."

Aka yi dariya, ban yi ba. Bayan ya ci soyayyar doya barci ya kwashe shi. A kwane-kwanen da ke gaban Akwanga mota ta karkata, ya zube gaba ɗayansa a kan hannun. Ta madubi na gani. Yaron ya rufe ido, bai ce uffan ba. Da muka tsaya sallah na hango danshi a jikin ƙyallen, na ce fatar da aka liƙa ta ɓalle. Na ja direba gefe na ce ya duba mini. Ya ce, "Ni taya nake dubawa, Malam. Ga ka ga shi, me ya hana ka?" Ɗan kasuwar ne ya sunkuya ya shinshina, ya ce man doyarsa ne, ya yi ta ba da haƙuri. Na mayar da yaron gaba, ni na koma baya na sha nauyin mai albasa har Jos.

Sanyin Jos ya tayar wa tabon da ƙaiƙayi. Ina jin yaron yana goga hannun a gwiwa, na ce, "Kai, bari." Ya bari. Daga nan Bauci, Gwambe, gadar Numan, sai Yola, inda zafi ya karɓe mu kamar bakin murhu. Muka kwana a barandar masallacin tasha, shi a wancan gefe ni a wannan. Da safe muka hau akori-kura ta wani Bafulatani mai suna Buba, mai zuwa Garwa.

Zango na biyu shi ne kan iyaka, kuma nan na fi jin tsoro a duk hanyar. A ɓangarenmu ba a tsare mu ba. A nasu akwai rumfa da sanda a gicciye, da jandarma, wato ɗan sandansu mai kayan soja. Wanda muka tarar matashi ne daga kudancin ƙasar, ba ya jin Hausa ko Fillanci, sai Faransanci, Buba ne ke fassara. Ya nuna hannun ya ce me aka ɓoye a ciki, a kwance. Yaron ya kama ƙullin Mama Ladi da hagu da haƙori, ya ƙi kwantuwa. Ni ina tsaye. Jandarman ya dube ni, ya dube shi, ya ce mene ne tsakaninmu.

Na ce, "Tare muke."

Ya sake tambaya. Na ce, "Ɗan gidanmu ne."

Ya haɗa takardunmu biyu ya ga sunana a bayan sunan yaron. Nan take ya sa aka sauke kayanmu, ya zaunar da mu a benci, ya kira wani mai bindiga ya tsaya kanmu. Fasinjoji suka fara gunaguni. Buba ya zo ya durƙusa ya ce, "Malam, yana zaton wani abu kuke ɓoyewa. In aka wuce da ku ciki, ni ban san ranar fitowarku ba. Wane ne yaron nan?"

Na ce, "Kai ka duba ka faɗa masa."

Ya dube mu, sai ya dafa kai. "Na fari ne? Haba Malam, ai da ka ƙyafta mini ido." Ya koma ya yi ta zuba Faransanci yana nuna mu. Jandarman yana girgiza kai, ya zaro wuƙa daga ƙugunsa ya nufo hannun. Na san ƙullin zai yanke, amma wuƙa kusa da yatsun nan ita ce abin da na baro Abuja don gudunsa. Ya yanke ƙullin, ƙyalle ya faɗi, ya ga hannun a dunƙule, fatar tana sheƙi. Ya ja da baya. Ya mayar mana da takardu, ya naɗe hannun da kansa, naɗin banza, ya faɗi wata magana. Buba ya ce, "Wai shi nasa na farin a wuya yake ɗaukarsa zuwa kasuwa." Na ce kowa da ƙasarsa.

Mun shiga Garwa da rana tsaka muka tarar kantuna a rufe, ofisoshi a rufe, titi ba kowa. Na ce ko wani babba ya mutu, ko an yi juyin mulki muna hanya. Buba ya ce abinci suka tafi ci, daga nan su yi barci, sai rana ta karkata su buɗe. Ƙasar da ake rufe ofis don barci ban san yaushe suke gama hanya ba. Amma na sauka na duba gefen kwaltarsu, ta kwanta daidai, ban sami abin faɗi ba. Muka sauka a unguwar Hausawa wurin wani Bakano da aka haifi ubansa a can. Burodinsu dogo ne kamar ƙotar fartanya, ɓawonsa na yanka dasashi, ba ya gutsuruwa da hannu ɗaya. Yaron ya matse shi a hammata yana karya. Maza kuma in sun haɗu sai su goga kumatu, dama da hagu. Wani ya nufo ni da nasa na miƙa masa hannu daga nesa.

Zango na uku asibitin ne, a wani ƙaramin gari gaba da Garwa. Na je da fargabar gidan mishan, ko za a hana mu sallah, ko za a ba mu abin da ba mu ci. Ba wanda ya hana mu komai. Akwai rumfunan masu jinya a baya, kowa da murhunsa. Matan wurin na sayar da rogo da aka naɗe a ganye, mai tsami, da miyar wani ganye mai ɗaci da gyaɗa. Nama kuwa na gaji da tambayar na mene ne, muka tsaya a kifi da kunu.

Matar da muka zo dominta sunanta Madam Odet, gajera, mai furfura, hannuwanta masu kauri kamar na mai daka. Hausarta ta kasuwa ce, a bakin marasa lafiya ta koya. Da na shiga ɗakinta na duba ko'ina. Ba inji, ba waya, ba komai sai tebur da benci da kwanon ruwan ɗumi. Na ce a raina mun ƙetare ƙasa don tebur.

Ta kwance hannun, ta cire abin ratayar ta jefa a kwando. Ta ɗauki biro ta tura tsakanin yatsun da tafi, da ƙyar ya shige.

"Wa ya ce a naɗe?"

Na ce, "Mu."

"Papa, ka san ɗanyar fata? In ka bar ta ta bushe a dunƙule, a dunƙule za ta zauna. Tabo haka ne. Kun ba shi hutu, shi bai huta ba."

Na ce, "Madam, zai buɗe?"

Ta ce, "Ban sani ba. Kun makara, amma ba ku makara duka ba."

Na nuna mata man kaɗen Mama Ladi, ta shinshina ta ce shi za a yi da shi. Ga yadda aikin yake, don shi aka fi tambayata. Da farko a jiƙa hannun a ruwan ɗumi a tsane shi. Sai a shafa mai kaɗan, ba da yawa ba. Sai a ɗora babban yatsa a kan tabon a danna har wurin ya yi haske, a juya fatar a kan naman da ke ƙasa, ba yatsa ne zai riƙa zamewa a kan fatar ba. A bi tsawon tabon, a bi faɗinsa. Inda ya yi igiya a tsunkuro shi a mirgina tsakanin yatsu biyu. Bayan nan a kama yatsun ɗaya bayan ɗaya a miƙar a hankali, a tsaya, ba fizga. In za a kwanta a ɗaure hannun a buɗe a kan ɗan allon da suka sassaƙa masa. Da rana safar hannu mai matsewa, kuma kada rana ta doki wurin. Inda fata ta buɗe ba a taɓawa sai ta warke.

Ta yi masa kwanaki ina zaune a bakin ƙofa. Ran nan ta kira ni ciki.

"Papa, tabon nan zai yi ta ja har shekara ta zagayo, ko fiye. Ba za ku zauna nan shekara ba. Safe da yamma sai an yi. Shi ba zai iya ba, aikin hannu biyu ne. Yana da mata?"

"Bai yi aure ba."

"Uwarsa?"

"Tana gida Zariya. Ita ko inuwarsa ba ta takawa."

"To wa?"

Na ce zan nemi wani a Abuja. Ta ce in kawo shi nan ya koya. Sannan ta dube ni ta ce, "Wanke hannunka."

Na ce, "Madam, a wajenmu ba a yi."

Ta ce, "Na sani, Fulani sun cika mini ɗaki da wannan. To a wajenku da me ake cin tuwo?"

Na fito ban wanke ba. Tsoro biyu suka haɗu mini. Ɗaya na abin da ban taɓa yi ba, ɗaya na hannuna. Hannun da ya yi shekara da shekaru yana riƙe diga, fatar nan kuwa kamar takardar sigari. Ina ganin da na danna za ta yage.

A rumfar da ke kusa da tamu akwai wani dattijon Bafulatani, Baffa Hammadu, yana jinyar ƙanensa. Ya ga na kasa cin abinci ya tambaya, na gaya masa. Ya ce, "Kaɗo, kunyarku wasa ce a kan tamu. Ni nawa na farin ko hanya ɗaya ba ma bi. Amma dabara ba ta ƙarewa." Ya ɗaura igiya a tsakiyar rumfarmu, ya rataya zane. Ya ce yaron ya zauna can, ni nan, hannun kawai zai shigo ta ƙarƙashi. "Hannu za ka taɓa, ba yaro ba."

Dabarar ta yi mini. A ɗakin Madam na daure na koya idona a ƙasa, tana riƙe da yatsana tana nuna mini ƙarfin dannawa. Da yamma a rumfa, ni kaɗai, sai mu saki zane. Hannu ya shigo, in yi aikina bi da bi kamar yadda aka tsara. Ban ji ko tari daga bayan zanen ba. Da na ga ba a ce komai ba sai na ƙara ƙarfi, don na saba aiki in ana so ya yi sauri ƙarfi ake ƙara masa, kuma damina na tafiya.

Wata safiya ya turo hannun, na kwance allon, na ga gefen fatar da aka liƙa, daidai gindin ƙananan yatsun nan biyu, ya yi bororo ya fashe. Jan nama a fili, yana ruwa. Na daɗe ina kallonsa. Na ce shi ke nan, abin da kwalta ta bari ni na ƙarasa. Daga rumfa zuwa ɗakin Madam ba nisa, amma ban san yadda na kai ba. Salati ma a zuci na yi shi.

Ta duba, ta wanke, ta rufe da bandeji. Ba ta yi faɗa ba, wanda ya fi tsoratar da ni. Ta ce, "Bai ce maka da zafi ba?"

Na ce, "Bai ce ba."

"Kai ba ka gani ba?"

Sai ta ce mu je in nuna mata inda nake yi. Da ta ga zanen ta tsaya, ta dubi Baffa Hammadu, shi kuma ya shiga gyaran wutar da ba ta lalace ba. Ta fizge zanen ta miƙa masa. Ta jawo kujeru biyu ta zaunar da mu gwiwa da gwiwa.

"Papa, kalle shi."

Na kalli hannun.

"Ba hannu ba. Fuska."

Na ɗaga kai. Tun yana jariri ban dube shi haka ba. Leɓensa na ƙasa duk sawun haƙori ne, wani ya bushe, wani sabo. Duk yammacin da nake ƙara ƙarfi a wannan gefe, abin da ake yi a wancan gefen ke nan.

Ta ce, "Ni ba ni da inji. Fuskarsa ce ma'aunina. Ido ya ƙanƙance, ka tsaya a nan. Haƙori ya fito, ka wuce wuri, koma baya. Ka rufe ma'auni da zane kana aiki a makance." Ta juya wurinsa. "Kai kuma, in ya kai inda ba ka iyawa, ka ce ya isa."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Madam, ba zan iya ce masa haka ba."

Ta ce, "To ka zaɓa, ko ka faɗa ko likita ya cire yatsun."

Na tambaye ta ko na ɓata aikin. Ta ce sai wurin ya warke za a sani, kafin nan a yi aiki a kewayensa, kada a bar sauran ya ja. Kwanakin nan su ne mafi tsawo a tafiyar. Duk safiya in aka buɗe bandejin sai na matso na leƙa. Allah ya sa bai yi ruwa ba, ya kame, ya rufe. Baffa Hammadu ya aiko mana da ƙwaryar nono ba tare da ya zo da kansa ba.

Ranar da aka koma kan wurin, na kama ƙaramin yatsan ina miƙarwa, idona a fuskarsa, nasa a ƙasa. Na ga idon ya ƙanƙance. Na ɗan ƙara. Sai na ji murya can ƙasa: "Ya isa, Heluma."

Na tsaya. Shekaruna ina ba mutane umarni a bakin hanya, ranar aka ba ni na bi. Madam tana wanke kwano, ba ta ko juyo ba, ta ce, "Yanzu kun fara."

Ta sallame mu da allon da safa biyu. Ta ce kada in yi murna da wuri, tabo ɓarawo ne, ranar da aka yi sakaci ranar yake shigowa. A ranar biro na shiga yana juyawa.

Dawowa ba ta da labari mai yawa. A kan iyaka wani jandarma muka tarar, bai ko dube mu ba. Abu ɗaya ne ya sauya. Daga Yola har Nyanya a baya na zauna, a damansa, duk wanda barci ya kwasa a kaina ya zube. A Bauci da aka tsaya na nemi ruwan ɗumi wurin mai shayi, muka yi na yamma a bayan mota mutane na kallo.

A Lugbe ɗakinmu ba haske, dole a waje ake yi, a benci. Mutanen garinmu da ke aiki nan suka samu abin faɗi. Ɗaya ya ce Heluma ya koma ungozoma. Wani dattijo ya kira ni gefe ya ce abin bai yi kyan gani ba. Na ce masa na ji, in yana da wanda zai zo safe da yamma har shekara ya turo shi. Bai turo ba. Mama Ladi kuwa kullum sai ta wuce da itacenta ta ce, "Danna da kyau, Heluma, man ba na gwamnati ba ne, akwai wani."

Na tsara ma'auni nawa. Bayan biro, muciyar Mama Ladi. Bayan muciya, ƙotar shebur. Muciya ta shiga tsakiyar damina. Shebur ya ƙi. Akwai makon da zazzaɓi ya kwantar da ni, Mama Ladi ta gwada ba ta iya ba, da na tashi na tarar muciyar ma tana shiga da ƙyar. Tsoron da na ji a kan iyaka ya dawo sabo. Muka koma baya muka sake hawa.

Da ruwa ya ɗauke muka je asibiti. Mai gashinsu ya iso daga Legas, yana ta ƙorafin gidan da aka ba shi ba ruwa. Shi da likita suka juya hannun, suka sa ya buɗe ya rufe, ya ɗauki kofi, ya ajiye. Likita ya ce ba za a yi yanka ba. Ƙaramin yatsan ba zai miƙe duka ba, haka zai zauna da ɗan lanƙwasa, amma nasa ne. Mai gashin ya ƙara mana wasu motsin, ya ce mu riƙa zuwa wurinsa, na gida kuma kada a daina. Ba mu daina ba. Shebur na shiga yanzu, riƙon ne bai yi ƙarfi ba tukuna.

Masu tambaya ko na fara kiran sunansa, ban fara ba, kuma ba zan fara ba. Har yanzu "kai" ne, har yanzu "Heluma" ne.

Ranar da muka dawo daga wurin likita Mama Ladi ta yi tuwon dawa ta aiko. Leburori suka kewaye tire a tsakar gida. Ni ba na cin kwano ɗaya da shi, nawa na gefe. Na ga ya taso daga wajen bangon nan da ya saba fuskanta, ya cire safar, ya wanke hannu, ya durƙusa cikinsu. Ya sa hannun dama ya yanko tuwo, lomar ta faɗi. Ya sake yankowa, ya murza ta a tafin, ta zauna.

Na kalli hannun, sannan na ɗaga kai na kalli fuskar, don an koya mini ba a duba ɗaya a bar ɗaya. Ba haƙori a leɓe. Na ja kwanona na ci.